Tarihin Sauya Ƙirar Kwanson Harsashi a Hannun Maƙeran Bindiga

Harsashin bindigar zamani haɗin abubuwa huɗu ne: ƙwayar dalma da ke fita ta bakin bindiga, albarushin da ke ingiza ta, ɗan makunnin da ke gindi wanda ke ba da tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi, da kuma kwanson tagulla da ke riƙe da sauran ukun wuri ɗaya. Idan aka yi harbi, uku daga ciki suna ƙarewa nan take, kwanson kaɗai ke fitowa da sauran amfani a jikinsa, kuma shi ne ya fi kowanne cin kuɗi wajen ƙira. Daga nan aka sami al'adar ɗura harsashi da hannu, wato mai bindiga ya tsince kwanson da ya harba, ya sa masa sabon makunni da albarushi da ƙwaya. A cikin wannan al'ada kuma wata sana'a mai zurfi ta tsiro, ita ce sauya ƙirar kwanson kansa, ta yadda wanda aka ƙera domin wata bindiga zai koma ya dace da wata mai faɗin baki ko tsawon ciki na dabam. Maharbin ƙasar Hausa da ya saba da adaka, wadda ake zuba wa albarushi ta baki a danna, bai taɓa buƙatar wannan aiki ba, domin bindigarsa ba ta da kwanso. Sana'ar ta yi ƙarfi ne a Amurka, inda doka ta bar mutum ya ɗura harsashin da zai yi amfani da shi da kansa, kuma a can ne ƙananan maƙera suka riƙa shige wa manyan kamfanoni gaba har na tsawon kusan ƙarni guda.

Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne halin tagullar da ake yin kwanso da ita, wadda haɗi ce ta jan ƙarfe kashi 70 cikin 100 da tutiya kashi 30. Tana da laushin da za ta buɗe ta manne da bangon ɗakin harsashi, wato ramin da harsashi ke zama a gindin bututun bindiga, ta toshe hanyar da hayaƙi mai zafi zai komo fuskar maharbi, sannan da zarar matsin ya sauka ta ɗan tsuke har a iya zaro ta. Kwanson bindiga mai dogon zango yana da gindi mai kauri inda makunni ke zama, da jiki inda albarushi ke kwanciya, da kafaɗa inda jikin ke tsukewa, da wuya wanda ke riƙe ƙwaya, kuma kusan duk sauyin da ake yi a kafaɗa da wuya yake. Sai dai tagulla tana taurarewa duk lokacin da aka matsa ta ko aka miƙa ta, idan kuma aka ci gaba sai ta tsage. Maganin wannan shi ne a gasa wuya da kafaɗa da wuta har laushinsu ya dawo, kamar yadda maƙerin farfaru ke mayar da munduwa cikin wuta idan ta taurare a ƙarƙashin guduma, amma da sharaɗin kada zafin ya kai gindi, domin gindin da ya yi laushi ba zai iya jure matsin harbi ba. Sojojin Ingila a Indiya sun daɗe suna ganin wuyan harsasansu yana tsagewa da kansa a lokacin damina, kuma sai a 1921 masana suka bayyana cewa iskar amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki a bargar da ake ajiye harsasan ce take cin tagullar da matsin ƙira ya bari a ɗaure. Tun daga lokacin gasa wuyan kwanso ya zama ƙa'ida a masana'antun soja.

Gwamnatoci ne suka fara tsuke wuyan kwanso, tun kafin fararen hula su mayar da abin sana'a. Harsashin bindigar Martini-Henry, wadda Ingila ta ɗauka a 1871, kwanson tsohuwar bindigar Snider ne mai faɗin inci .577 aka tsuke bakinsa ya koma kimanin .45, shi ya sa ake kiransa .577/450. Haka kuma bayan Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi a Faransa a 1884, gaggawar da hukumomin soja suka yi ta sa aka ɗauki kwanson bindigar Gras mai milimita 11 aka tsuke shi zuwa milimita 8 domin bindigar Lebel ta 1886, kuma siffar da ta fito, mai ƙaton gindi da jiki mai gangara, ta wahalar da masu ƙera bindigogi masu sarrafa kansu a Faransa har bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani abu da ya raba makomar sana'ar tsakanin nahiyoyi biyu shi ne irin makunnin da kowace ta zaɓa. A 1866 Edward Boxer na ma'ajiyar makaman Woolwich a Ingila da Hiram Berdan na Amurka kowanne ya yi rajistar nasa makunnin. Na Boxer yana da ƙofa ɗaya a tsakiyar gindin kwanso, wadda ake zura tsinke ta cikinta a ture tsohon makunni cikin sauƙi, na Berdan kuwa yana da ƙananan ƙofofi a gefe, sai an ɓamɓare shi da wahala. Amurka ta rungumi na Baturen Ingila, Turai kuma ta fi karkata ga na Ba'amurken, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ɗuri da hannu ya zama ruwan dare a Amurka.

A shekarun 1870 masu farautar ɓaunar Amurka a filayen yamma, waɗanda ke yin watanni nesa da kowace kasuwa, suna tafiya da dalma da albarushi da kayan ɗuri, suna sake cika kwanson bindigoginsu na Sharps a sansani. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a garin New Haven, yana ƙera kayan ɗuri masu kama da awartaki waɗanda ke shiga aljihun jaka, tare da ɗan littafin jagora, kuma kamfanin Lyman ne ya gaji wannan aiki a 1925. A wancan zamani ana ɗuri ne domin tsimi da larura. Sauya ƙira ya jira zuwan albarushi marar hayaƙi, wanda ya nuna cewa ƙaramar ƙwaya mai tsananin gudu tana iya yin abin da babbar ƙwaya mai nauyi ba ta yi.

Ginshiƙin duk abin da ya biyo baya shi ne wani awo guda, faɗin gindin kwanso na kimanin milimita 12, ko inci .473. Harsashin sojan Jamus na 1888, wanda aka sani da 8×57, shi ya zo da wannan awo, 7×57 na kamfanin Mauser ya bi shi a 1892, sannan Amurka, bayan ta ɗanɗana kaifin bindigogin Mauser a hannun sojojin Sifen a Kuba a 1898, ta ƙera nata a kan awon. Harsashin .30-06, wanda sunansa ke nufin faɗin inci .30 da shekarar 1906, yana da kwanso mai tsawon milimita 63, ya fi na Jamus da milimita 6. Ma'anar wannan ga maƙeri babba ce: duk bindigar da aka yi domin ɗaya daga cikin waɗannan harsasai za ta karɓi gindin sauran, bututu kawai za a sauya, kuma dogon kwanson .30-06 ana iya tura kafaɗarsa baya a datse shi ya koma kusan kowanne daga cikin gajerun. Da yake gwamnatin Amurka ta riƙa sayar wa 'yan ƙungiyoyin harbi rarar bindigogi da harsasan soja da araha bayan kowane yaƙi, sai kwanson .30-06 ya zama ɗanyen kayan aiki da ke hannun kowa.

Shekarun 1920 da 1930 su ne lokacin da sana'ar ta bunƙasa, kuma sunayen mutanen da suka yi aikin har yau suna manne da harsasan. A 1922 aka buɗa wuyan .30-06 ya karɓi ƙwaya mai inci .358, aikin da ake danganta wa Kanar Townsend Whelen da maƙeri James Howe, aka sami .35 Whelen, wanda ya ba talakan maharbi ƙarfin tunkarar manyan namun daji ba tare da ya sayi bindigar Ingila mai tsada ba. Shekara 66 wannan harsashi ya yi ana ƙera shi a gida kafin kamfanin Remington ya fara sayar da shi a 1988. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Adolph Niedner na garin Dowagiac a jihar Mishigan ya tsuke wuyan kwanson zuwa inci .257 a wajejen 1920, amma harsashin bai nuna cikakken ƙarfinsa ba a lokacin, domin babban ciki mai ƙaramin baki yana buƙatar albarushi mai ci a hankali, wanda bai wadata ba sai da aka fitar da IMR 4350 a 1940, sannan Bruce Hodgdon ya fara sayar da rarar albarushin soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai a 1969 Remington ya karɓe shi da sunan .25-06. Wannan labari yana nuna wani abu da masu yabon maƙera kan manta, cewa siffar kwanso ba ta ƙara wa harsashi komai sai an sami albarushin da ya dace da ita. Ned Roberts ya fi su sa'a, domin nasa harsashin, wanda ya samo daga 7×57, ya shiga kasuwa a 1934 da sunan .257 Roberts.

Misalin da ya fi bayyana yadda kamfanoni ke bin sawun ƙananan maƙera shi ne .22-250. Asalinsa kwanson .250-3000 ne da Charles Newton ya tsara wa kamfanin Savage a 1915, wanda lambar 3000 a sunansa ke nufin gudun ƙafa 3000 a daƙiƙa. A wajejen 1937 maƙera da dama suka tsuke shi zuwa inci .224 domin harbin ƙananan dabbobin da ke ɓarna a gonaki daga nesa, kuma ya karɓu ƙwarai har kamfanin Browning ya fitar da bindigarsa a 1963 alhali babu kamfanin da ke sayar da harsashinta, duk wanda ya saye ta sai ya ƙera da kansa. Bayan shekara biyu Remington ya cike giɓin.

Yadda ake aikin bai sauya sosai ba tun wancan lokaci. Ana shafa wa kwanso mai, a tura shi da injin matsi na hannu cikin wani ƙarfe mai rami wanda aka sassaƙa cikinsa da siffar da ake so, idan kuma tazarar ta yi yawa sai a bi ta ƙarafa biyu ko uku daki-daki, domin tagullar da aka tilasta wa tsukewa lokaci ɗaya takan yamutse ko ta lotse. Tagullar ba ta ɓacewa, wuri kawai take sauyawa: wuyan da aka tsuke yana ƙara kauri da tsawo, don haka sai an datse bakinsa, wani lokaci kuma a kankare kaurin, wanda aka buɗa kuwa yana sirancewa ya gajarta. Kaurin wuya ba ƙaramin al'amari ba ne, domin idan babu sararin da wuyan zai buɗe ya saki ƙwaya a cikin ɗakin harsashi, matsin da a ƙa'ida yake kaiwa fam 60,000 a kan kowane murabba'in inci a .30-06 zai wuce abin da ƙarfe zai ɗauka. Akwai kuma hanya ta biyu, wadda ake barin wutar harbin kanta ta yi ƙirar. Ana faɗaɗa ɗakin harsashi na bindiga kaɗan, a harba harsashin kamfani a ciki, matsin ya hura tagullar ta cika sabon ɗakin, kwanson ya fito da sabuwar siffa. Lysle Kilbourn ya shahara da wannan a wajejen 1940 da harsashinsa K-Hornet, amma wanda sunansa ya mamaye hanyar shi ne Parker Otto Ackley, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1989, ya kuma koyar da ƙirar bindiga a kwalejin garin Trinidad ta jihar Kolorado bayan yaƙi. Ackley ya riƙa miƙar da jikin kwanso yana mayar da kafaɗa mai kusurwar digiri 40, kuma hikimarsa ita ce bindigar da aka gyara tana ci gaba da karɓar harsashin kasuwa, don haka mai ita ba ya rasa abin harbi idan ya yi tafiya. Littafinsa na 1962 a kan harbi da ɗuri ya tattara ɗimbin irin waɗannan harsasai.

Ya kamata a faɗi gaskiya a kan wannan zamani. Ƙarin cikin da gyaran Ackley ke bayarwa a yawancin harsasai kaɗan ne, kuma gudun da wasu masu ƙirar gida suka riƙa iƙirari ya samo asali ne daga cusa albarushin da ya wuce kima, a lokacin da na'urar auna gudun ƙwaya ba ta isa hannun talaka ba, na'urar auna matsi kuwa sai a ɗakin gwajin kamfani. Ɗaruruwan harsasan da aka sa wa sunayen masu su sun mutu tare da bindiga ɗaya ko biyu da aka yi musu. Amfanin da ya tabbata shi ne kwanso mai miƙaƙƙen jiki da tsayayyar kafaɗa ba ya yawan miƙewa, yana daɗewa ana sake ɗura shi, kuma wannan siffa ce kusan duk sababbin harsasan kamfanoni suke ɗauka a yau. Roy Weatherby, wanda ya buɗe shagonsa a South Gate ta jihar Kalifoniya a 1945, ya bi wannan hanya da kwanson .300 H&H na Ingila, har kasuwarsa ta yi girman da kamfanin Norma na Suwidin ya shiga ƙera masa kwanso na musamman.

Idan son gwaji ne ya tura waɗannan mutane, rashi da doka ne suka tura wasu da suka fi su yawa, kuma a nan ne sana'ar ta fi yin hidima. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Amurka sun juya ga soja, maharba suka rasa ƙwaya, sai Fred Huntington na garin Oroville ya fara ƙera ƙarafan matsi a 1943 domin mayar da kwanson ƙaramin harsashin .22 da aka harba ya zama rigar ƙwayar dalma, daga nan kamfanin RCBS ya samo asali, wanda daga baya ya zama babbar madogarar masu neman ƙarafan sauya kwanso. Da yaƙi ya ƙare, sojoji suka komo gida da bindigogin Mauser na Jamus da Arisaka na Japan waɗanda babu harsashinsu a shagunan ƙauye. Wasu suka riƙa gajarta .30-06 ya koma 8×57 ko 7.7 na Japan, wasu kuma suka zurfafa ɗakin harsashin Mauser ya karɓi cikakken tsawon kwanson Amurka da ƙwayar milimita 8, aka sami 8mm-06. A Jamus kanta, bayan yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta taƙaita makaman soja, an ƙara wa ɗakin harsashin bindigogin farauta milimita 3 suka koma 8×60, wanda ba ya cikin harsasan soja. A Ostareliya ma, da jihar New South Wales ta taƙaita mallakar bindiga mai harsashin soja a ƙarshen shekarun 1940, manoma da masu farautar kangaru suka sauya bututun tsofaffin bindigoginsu na Lee-Enfield suka tsuke wuyan .303 zuwa inci .25 da .22. Har yau mai tsohuwar bindigar da kamfanoni suka daina yi wa harsashi shekaru da dama ba shi da wata hanyar raya ta sai ya nemo kwanson da gindinsa ya yi kusa da nata ya sauya shi.

Zuwan .308 Winchester a 1952, mai kwanso na milimita 51 a kan tsohon awon gindi na Mauser, ya maimaita tarihin cikin hanzari, sai dai a wannan karo kamfanoni sun koyi darasi, ba su daɗe suna jira ba kafin su fitar da .243 a 1955, ko da yake 7mm-08 ya jira har 1980, .260 Remington kuma har 1997. Babbar nasarar ƙirar gida ta fito ne daga wani wuri da ba a zata ba. A gasar harbi daga kan teburi, inda ake ɗora bindiga a kan matashi a auna kusancin ramukan harsasai biyar da juna a nisan yadi 100 da 200, wani likita mai suna Louis Palmisano da maƙeri Ferris Pindell suka ɗauki kwanson .220 Russian, wanda shi kansa ɗan 7.62×39 ne na bindigar Kalashnikov, suka buɗa wuyansa zuwa milimita 6, suka hura jikinsa da wutar harbi ya zama gajere mai kauri. Harsashin da suka samu, 6mm PPC, wanda ya bayyana a 1975, ya mamaye wannan gasa tun daga lokacin, kuma manyan 'yan gasar sun ci gaba da sayen kwanson .220 Russian na kamfanin Lapua na Finlan suna kankare wuyansa ɗaya bayan ɗaya, domin babu injin masana'antar da ke daidaita kwanso da ɗakin bindiga guda kamar yadda hannun mai ita ke yi.

Haɗarin da ke tattare da sana'ar ya fi fitowa fili a sabon zamani. Kowane kwanso yana ɗauke da hatimin kamfani a gindinsa mai nuna irin harsashin, kuma wannan hatimi ba ya gogewa idan an sauya ƙira, don haka kwanson da aka rubuta wa .30-06 yana iya kasancewa ya koma .270 ko 8×57, wanda ya tsince shi ko ya gaje shi kuma ba shi da hanyar sani sai ya auna. Harsashin .300 Blackout, wanda ya samo asali daga .300 Whisper na J. D. Jones, dubban mutane suna yin sa ta hanyar datse kwanson .223 su buɗa bakinsa zuwa inci .308, kuma an sha samun bindigogin .223 da suka tarwatse saboda an cusa musu shi bisa kuskure. Kwanson soja kuma yakan fi na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, don haka awon albarushin da ke lafiya a wani yana iya zama ganganci a wani. Saboda irin wannan ne masu ƙera makamai na Amurka suka kafa hukumar SAAMI a 1926, wadda ke ƙayyade awon kwanso da na ɗakin harsashi da iyakar matsi, kuma harsashin ƙirar gida ba ya zama na kasuwa sai wani kamfani ya kai shi gabanta. Hukumar ta amince da .300 Blackout a 2011, shi kuwa .280 Ackley Improved kamfanin Nosler ne ya kai shi aka karɓa a 2008, shekara 19 bayan rasuwar Ackley.